Ƙusa a Ƙarƙashin Fenti

Tungar Tsamiya, ƙasar Shanga
Asabar da hantsi

Zuwa ga Marka, sanyin idona, badon da ya buɗe shi kaɗai a tafkin zuciyata, farin ruwan da ke sauko mana bayan an gaji da duban sama, inuwar da nake nema in rana ta take a fadama. Amincin Allah ya lulluɓe ki kamar yadda raɓa ke lulluɓe ganyen albasa da asuba, ke da Inna da 'yan matanki biyu.

Wannan ce takarda ta uku. Ta farko ta yi tsawo har na manta abin da na zauna in faɗa. Ta biyu na karanta ta na ji tsoro a cikinta, na yi ta zagaye kamar kwale-kwalen da ya rasa wurin tsayawa, sai na sa ta a murhu. Na so in kira ki a waya, amma kin san halin harshena in na ji muryarki, kuma kin san wayarki ba ta da sirri, Inna tana gefe tana gyara mani magana. Don haka na ba Grace matar Andrew matuƙin jirgi ta kawo maki hannu da hannu, kuma a wannan karon zan fara da maganar kafin ƙarfin halina ya tsere.

Jiya Juma'a na je wurin Alhaji Bashiru mai jirgi, na ce masa ba zan koma aikinsa ba.

Na san nauyin abin da na yi, hasken idona, na auna shi kafin in ɗauka. Na san Yaya Sahabi ne ya taka da ƙafarsa har rumfar Alhaji ya roƙa a mayar da ni. Na san abin da ya ce a gaban Inna, don ke kika faɗa mani kina murza bakin mayafi: "Wanga mutum mi gare shi in ba littahi da albasa ba? Shi koma aiki, ni ko in sa rana." Ban ga laifinsa ba. Tun rasuwar mahaifin yaranki shi ke ɗauke da gidan nan a kafaɗarsa, kuma duk mai ƙanwa irinki dole ya duba inda zai ajiye ta. Ya buɗe mani ƙofa, ni kuma na tsaya a bakinta na ce a'a. In ya ce na watsa masa ƙasa a ido, ba zan yi musu ba. In ya ce ba zai ba ni ke ba, yana da iko. Wayyo Marka! Amma ko yanzu aka mayar da ni jiya, amsar nan ita zan sake bayarwa, kuma ina so ki ji dalilin daga bakina kafin garin Yelwa ya kawo maki nasa labarin da gishiri a kai.

Kin tuna ranar da na fara ganinki? Ni ba sai na tuna ba, tana rubuce. Shekara huɗu ke nan, wata Laraba, ranar kasuwar ƙetare. Ina tsaye a tashar jirage da littafina da biro, ina ƙirga masu shiga shuɗin jirgin Alhaji, aikin da na shekara bakwai ina yi a lokacin. Mutum arba'in sun shiga da kayansu, ruwa ya taɓa jan layin da ke jikin katako, na miƙa hannu na tare hanya. Sai ga ki kin taho da sauri, zufa a goshinki, mai baro yana biye da buhuna biyu. Ke ce ta arba'in da ɗaya.

Kika ce, "Malam mai littafi, ka dube ni da kyau. Ni ce zan nutsar da jirgi? Buhun albasana ma ya fi ni nauyi!"

Na ce, "To ai shi ya sa."

Matan cikin jirgi suka tuntsire da dariya. Kika riƙe ƙugu kika ce, "Ko Innarka ce haka za ka yi mata?"

Na ce, "Da Innata ce, tun tana ta talatin da tara zan tsayar da ita."

Ba ki yi dariya ba. Kika faɗa mani maganganun da har yau ban gama wanke su daga kunnena ba, kika koma kan buhunanki ƙarƙashin ɗorawa kika zauna kina kallon jirgi yana ƙanƙancewa a tsakiyar ruwa. Kasuwar ranar ta wuce ki. Da yamma na rubuta: "Yau na hana wata mata shiga. Ta zage ni sosai. Tana da wushirya." Ban san dalilin da ya sa na ƙara wannan na ƙarshen ba, tunda ba ya cikin aikina.

Laraba ta zagayo, na iso tasha rana tana ɓullowa, na tarar da ke zaune a bakin ruwa tun kafin kowa. Kika miƙe, kika kakkaɓe zane, kika zo gabana kika tsaya, kika ce, "Ƙirga ni, Malam. Ɗaya."

Marka! Tun daga safiyar nan lissafina ya lalace. Na ƙirga dubban mutane bayanki, amma duk sa'ad da bakina ya ce ɗaya, fuskarki nake gani. Wace irin mace ce ke, da za ki zagi mutum ranar Laraba, ki dawo wata Larabar ki kafa bukka a ƙirjinsa ba tare da neman izini ba? Muryarki ta zame mani kamar kukan shamuwa a farkon damina, in na ji ta na san rai ya kusa dawowa ƙasa. Tafiyarki kamar ta zalɓe a ruwa marar zurfi, ba gaggawa, ba tsoro. In kin yi fushi kina kama da hadarin gabas, in kin huce kina kama da tafkin nan da sassafe, lokacin da ko masunta ke sassauta murya don kada su tashe shi. Na yi shekara biyu da rabi ina rubuta sunanki a gefen shafi kafin in iya cewa ina son ki, kin kuma sha yi mani gori a kan haka.

Yanzu bari in ba ki labarin jan layin nan, don a kansa komai ya rataya.

Lokacin da aka kawo shuɗin jirgin yana sabo, yana warin katako da kwalta, ni da Andrew, wanda ke tuƙa shi tun ranar farko, muka yi kwana uku muna gwada shi. Muka loda masa buhunan yashi ranar da ruwa ke kwance, muka sake loda masa ranar iska, muna ƙarawa muna ragewa, har muka gane inda yake zama lafiya ko da igiyar ruwa ta mare shi daga gefe. A daidai wurin na kafa ƙusa, a katako na uku daga goshin jirgi, ta ɓangaren dama, sannan muka ja jan fenti a kanta har baya. Andrew ya tambaye ni amfanin ƙusa tunda ga layi. Na ce masa fenti yana goguwa, kuma kowa yana iya shafa wani. Dokar ba ta da wuya: in ruwa ya taɓa layi, an rufe, ko hakimi ne ya zo sai dai ya jira na gaba. Da wannan dokar na hana ki, kuma da ita mata suka san ni.

Ga abin da ban taɓa faɗa maki ba, kuma kunyar faɗarsa ce ta sa na ƙona takarda ta biyu. Kin san na bar aiki shekara biyu da suka wuce na ce zan dawo gonar mahaifina. Gaskiya ne, amma rabin gaskiyar ke nan. Kasuwar jajibirin babbar Sallah ce, tasha ta cika har ba wurin sa ƙafa. Ruwa ya taɓa layi, na tare hanya. Alhaji ya taso da kansa daga rumfa, ya dafa kafaɗata a gaban jama'a ya ce, "Saminu, rufe littafin nan. Dubi ruwa, kwance yake kamar tabarma. Za ka hana bayin Allah cefanen Sallah?" Sai na sauke hannuna. Ni, Saminu, na sauke hannuna. Mutum hamsin da takwas suka shiga, da raguna huɗu, jan layi ya ɓace a ƙarƙashin ruwa. Kuma kina ciki, Marka. Kina zaune a gefen dama da koren mayafi, har kika ɗago mani hannu.

Na tsaya a gaɓa ƙafafuna cikin laka har jirgin ya ɓace. Ban zauna ba, ban sha ruwa ba, na yi ta ganin koren mayafi yana yawo a kan ruwa shi kaɗai, har sai da Andrew ya kira ya ce sun isa. Allah ya kiyaye, iska ba ta taso ba. Da yamma na buɗe littafina na aiki na rubuta arba'in. Wannan ita ce ƙarya guda ɗaya tak da ke cikin littattafaina goma sha tara, kuma na san shafin da take kamar yadda mutum ya san haƙorinsa mai ciwo. Kafin mako ya ƙare na miƙa wa Alhaji birona na kama hanyar Shanga.

To, kin san abin da ya faru watan jiya. Iskar farkon damina ta riski shuɗin jirgi a tsakiyar ruwa, sai da aka watsar da buhuna talatin kafin ya kai gaɓa. Ba a rasa rai ba, mun gode Allah, ke kuma zazzaɓin ƙaramar 'yarki ya tsare ki a gida ranar. Tun daga nan mata suka watse zuwa ƙananan jirage, suna cewa tunda Malam mai littafi ya tafi ba su da natsuwa. Saboda haka da Yaya Sahabi ya je roƙo, ya tarar da Alhaji yana neman wanda zai aika mani. Albashi ninki biyu, babur, ɗaki a Yelwa layi uku daga gidanku, da sunan manaja.

Kin san ni. Na raba shafi biyu, na rubuta dalilan karɓa a dama, na ƙi a hagu. A dama na sami goma sha ɗaya, tara daga ciki ke ce. A hagu ban sami ko ɗaya ba. Na yi kwana shida ina duban wannan farin gefen ina murna, har na fara tunanin launin da zan yi wa ɗakin, har na gan ki kina shanya kaya a tsakar gidan. Na ce wataƙila tsoron da Alhaji ya sha ya gyara shi. Na tashi jiya da niyyar in ce na karɓa, na sa farar rigata ta Juma'a.

Da na isa tasha da safe, shuɗin jirgi yana ɗaure, babu kowa a ciki. An yi masa sabon fenti yana ƙyalli, jan layinsa kamar an ja shi da jini. Kowa ya gani zai ce madalla. Ni ma na ce madalla. Amma idona ya ƙi yarda, kamar yadda kike gane buhun da aka sa wa manyan albasa a baki tun ba ki kwance shi ba. Na naɗe wando, na shiga ruwa har gwiwa, na ƙirga katako na uku, na shafa kan layin da tafina. Sumul, babu komai. Na gangara da yatsuna a hankali, ƙasa, ƙasa, sai na ji ta. An shafe kanta da kwalta, an bi da shuɗin fenti, amma tana nan inda na kafa ta. Na auna tsakaninta da sabon layin sau uku don kada in zalunci kowa. Yatsu shida, Marka. An ɗaga layin da faɗin yatsu shida.

Na ɗaga kai, sai ga Andrew a zaune kan inji yana goge hannu da tsumma. Bai kalle ni ba ya ce, "Ka same ta?"

Na ce, "Na same ta."

Ya ce, "Sun so cire ta. Na ce masu katakon zai tsage." Sannan ya ce, "Yara biyar gare ni, Saminu, kada ka dube ni haka." Ban dube shi haka ba. Wa ya fi ni sanin yadda hannu ke sauka?

Na je rumfar Alhaji da jiƙaƙƙen wando. Ya tarbe ni da fara'a, ya sa aka kawo shayi, yana ta "Saminu ɗana, ka rame, noma bai karɓe ka ba." Ba zan ɓoye alherinsa ba, shi ya yi ɗawainiyar jana'izar mahaifina, kuma ban manta ba. Na bari ya gama, na ce, "Alhaji, wa ya ɗaga layin?"

Ya ce, "An sa sabon inji, mai ƙarfin doki arba'in. Wanga jirgi yanzu ba irin wanda ka sani ba ne."

Na ce, "Inji gaba yake tura jirgi, Alhaji. Ban taɓa ganin wanda ke ɗaga shi sama ba."

Ya yi murmushi ya ce, "Kai dai ba ka canza ba. To saurara, ba wahala zan ba ka ba. Ka tsaya bakin ruwa da littafinka, ka sa rigar aikin nan mai ruwan lemo, mata su gan ka. Ƙirga kuwa Bello ƙanena zai yi."

A nan na gane abin da ake saye. Fuskata ake so, ƙaunata. Ana so a kafa ni a gaɓa kamar tutar da aka ɗaura a sanda, don Grace da Hajiya Dudu mai busasshen kifi da ke kanki ku ce, ga Malam ya dawo, ku tattaro 'ya'yanku da buhunanku ku shiga da kwanciyar hankali. Amanar da na shekara tara ina tarawa a wurinku, zagi bayan zagi, ita za a zuba a mazubi a auna.

Duk da haka ban tashi ba, don ina son ki, kuma ɗakin nan na layi uku yana ta kirana. Na ce, "Alhaji, a mayar da layi kan ƙusa, a bar mani ƙirga, gobe in fara, ko a tsohon albashi, ko ba babur."

Ya yi dariya har ya buga cinya. Ya ce, "Yatsu shida! Sahabi ya gaya mani komai. Kan yatsu shida za ka rasa mata, kana da shekara arba'in da biyu?"

Na ajiye kofin shayi, na miƙe, na ce, "A cikin yatsu shidan nan take zama, Alhaji, duk Laraba. Na gode da alheri. Allah ya ba ka wanda ya fi ni."

Ban san daga ina maganar ta fito ba, ni da nake shirya gaisuwa tun daga gida. Na fito, na wuce kai tsaye wurin shugaban masu jirage na tashar na faɗa masa abin da na auna, ya ce zai duba. Sannan na yi Juma'a, na hau ɗan acaba na kamo hanya.

Kada ki ɗauka na dawo ina taƙama. Tun daga Yelwa har gida nake cin kaina. Na ce, Saminu, ko girman kai ne ka sa wa rawani? Ko da ka shiga, a hankali ka gyara daga ciki? Ko dai tsoron aure ne ka ɓoye a bayan ƙusa? Na bi tambayoyin nan ɗaya bayan ɗaya yadda na saba. Ta gyara daga ciki ta fi ba ni wuya, sai na tuna ina ciki shekara tara, ƙirga tana hannuna, kuma ranar da aka dafa kafaɗata na sauke hannu. Ina ga yanzu, da babur ɗinsa a ƙarƙashina, da rufin ɗakinsa a kanki? Na san iyakar ƙarfina, shi ya sa ba zan kai kaina inda za a sake gwada shi da ranki ba. Ta tsoron aure kuwa na yi mata dariya ni kaɗai a bayan babur har mai acaba ya waiwayo. Tsoro? Ni da nake ƙirga kwanakin da ke tsakanin Laraba da Laraba kamar mai jiran ganin wata!

Don haka Yelwa ta faɗi abin da za ta faɗa! Su ce Saminu ya yi wa arziki ƙulli, su ce boko rabi ya lalata masa kai, su ce talaka ne mai tsada. Na ji, na ɗauka. Alhaji ya riƙe babur ɗinsa, ya ba Bello rigar mai ruwan lemo. Ba zan shigo gidanku da kayan lefen da aka saya da yatsu shida ba. Yaya zan zauna a gabanki in ci tuwon da kika tuƙa, alhali da safe na yi wa ƙawayenki murmushi suna shiga abin da na san ya wuce ƙima? Yaya zan dubi 'yan matanki in ce su kira ni Baba? Da wane hannu zan riƙe naki, da wanda ya shafa ƙusar nan ya yi shiru? A'a, wallahi a'a! Gara in zo maki da ƙurar gona a ƙafa da warin albasa a riga, in dai zan iya ɗaga ido in dube ki.

Ga abin da nake da shi, ba ƙari ba ragi, don kada a ce na yaudare ki. Ɗaki biyu na ƙasa, ɗaya na yi masa kwano bara. Fadamar mahaifina a bakin kogi, injin ban ruwa tsoho amma yana tashi in an lallashe shi. Rumbun albasa da bana ya cika har na ƙara rumfa, da shinkafar da zan shuka in ruwa ya zauna. Awaki biyar, ɗaya mai taurin kai irin nawa. Makarantar firamare tana tsallaken hanya. Ni na iya nomawa amma ban iya ciniki ba, dillalai suna ganina suke gode wa Allah. Ke kuwa na ga kin sa babban dillali ya share zufa. Ki yi tunanin abin da fadamar nan za ta zama in hannuna ya shuka bakinki ya sayar. Ba na ce za ki huta ba. Na ce ba za ki taɓa kwana da shakkar mutumin da ke gefenki ba.

Jibi Litinin zan zo wurin Yaya Sahabi da kaina, in durƙusa in ba shi haƙuri a kan ƙafar da ya taka domina, in faɗa masa duk abin da na faɗa maki. In ya yarda ya bi ni tasha, zan kama hannunsa in ɗora a kan ƙusar. In ya kore ni, zan tashi da ladabi, in dawo wata Litinin. Na iya jira, kin shaida.

Abu biyu nake roƙo, farin watana.

Na farko ba ruwansa da soyayya, ki riƙe shi ko da kin yanke cewa ba za ki ƙara ambaton sunana ba. Kada ki yarda da jan layin nan. Katako na uku daga goshi, ɓangaren dama. Ki sa hannu ki lalubo, za ki ji kanta a ƙarƙashin fenti kamar ƙwayar gero. In ruwa ya rufe ta, ki sauko, ko kasuwa za ta wuce ki, ko an yi maki dariya. Ki faɗa wa Grace, ki faɗa wa Hajiya Dudu, su faɗa wa na bayansu. Ni ma ranar Laraba zan kasance a tashar, da rigata ta gida, ba a ƙarƙashin kowa ba, a gindin ɗorawar nan da kika zauna. Gaɓar ruwa ta Allah ce, ba mai hana ni tsayawa. Duk matar da ta tambaye ni zan nuna mata wurin. Kuma in na ga kin nufi jirgin bayan ruwa ya haye ƙusa, zan sha gabanki in miƙa hannu kamar wancan karon, ki zage ni a gaban kowa, na saba, har na yi kewa.

Na biyu shi ne amsarki. Ba ta Yaya Sahabi ba, tasa zan nema da ƙafata. Taki nake so. A cikin takardar nan za ki ga wani shafi a ninke, ya yi ja don tsufa. Shi ne na ranar da kika zo ta ɗaya. Shekara ashirin da uku ina rubuta kwanakina, ban taɓa yage shafi ba, ko wanda ke ɗauke da ƙaryata ban yage ba, sai yau. In kin ga mutumin da ya ƙi aikin nan ba zai iya riƙe ki ba, ki ba Grace ta dawo mani da shi, zan liƙe shi a wurinsa, ba kuma za ki ji wata magana marar daɗi daga bakina ba har abada. In kuwa har yanzu akwai wuri gare ni, ki riƙe shi, ki zo ranar Laraba da sassafe, ki tsaya a gabana ki faɗi abin da kika faɗa. Ba ni da jirgi, ba ni da rigar aiki, amma zan zo da biro.

Fenti ya rufe ta, kwalta ta rufe ta, an shekara goma sha ɗaya ruwa yana dukanta, amma da na lalubo na same ta inda na bar ta. Haka za ki same ni, Marka, bana ko baɗi, da aure ko babu, ko furfura ta gama cinye kaina.

Naki, wanda ya tare maki hanya sau ɗaya kuma bai yi nadama ba,

Saminu
Malam mai littafi